Riƙo Ba Tare da Taɓawa Ba

A Jami'ar Tohoku da ke birnin Sendai a ƙasar Japan akwai wani bututun iska wanda duk wanda ya gan shi karon farko zai fara da neman inda aka ɓoye zare. A tsakiyar bututun samfuri ne ke tsaye a sarari, ba shi da ƙafa a ƙasa, ba igiya a sama, iska kuwa tana wucewa ta jikinsa da ƙarfi. Abin da ke riƙe da shi manyan naɗe-naɗen waya ne da aka jera a wajen bangon bututun, waɗanda wutar lantarki ke mayarwa maganaɗisu. Faɗin wurin gwajin mita 1 ne, kuma yana cikin mafi girman irinsa a duniya.

Mita 1 ba wani abin faɗa ba ne idan aka tuna cewa bututun iska na cibiyar Ames ta hukumar NASA a Kalifoniya yana da faɗin ƙafa 120 da tsawon ƙafa 80 daga ƙasa zuwa sama, har ana shigar da jirgi sukutum a cikinsa. To me ya sa masana suka shafe shekaru sama da 60 suna wahala a kan wannan ƙaramar na'ura mai tsada da wuyar sarrafawa? Amsar tana cikin wata tsohuwar damuwa da ke bin duk mai awo: abin da za a auna sai an riƙe shi, riƙon kuwa yana canza shi.

Sandar da ke bayan jirgi

Dabarar bututun iska mai sauƙi ce. Maimakon a tura jirgi cikin iska, sai a tsayar da ƙaramin samfurinsa a tura iska ta kansa, tunda abin da ke da muhimmanci shi ne gudun ɗaya dangane da ɗayan. Francis Wenham ya gina irin wannan bututu a Ingila a 1871. A ƙarshen 1901 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka haɗa nasu na katako a shagonsu na kekuna a Dayton, suka gwada siffofin fiffike kusan 200 a kan ma'aunin da suka ƙera da ƙarafan zarto da wayar ƙafar keke. Shekara biyu bayan haka, ranar 17 ga Disamba 1903, jirginsu ya tashi.

Tun daga lokacin, kowane samfuri da aka saka a bututu yana bukatar abin da zai riƙe shi kada iska ta tafi da shi. An yi amfani da wayoyi, an yi amfani da ƙafafun ƙarfe daga ƙasa. Da jirage suka fara gudun da ya kusa na sauti, sai aka fi karkata ga doguwar sandar ƙarfe da ake cusawa ta bayan samfurin, wadda a Turance ake kira da sunan ƙarin kunama saboda yadda take fita daga wutsiya. A cikin samfurin, inda sandar ta ƙare, akwai ɗan ma'auni da ke auna ƙarfin ɗagawa, da turjiyar iska, da ƙarfin da ke neman juya hancin jirgin sama ko ƙasa.

An zaɓi baya ne bisa tunanin cewa iskar da ta riga ta wuce ba ta da sauran aiki. Amma idan gudun iska bai kai na sauti ba, abin da ke faruwa a baya yana komawa ya shafi gaba. A bayan kowane abu mai tafiya cikin iska akwai wani gurbi inda iskar ke rabuwa da jiki tana murɗawa, matsinta kuma ya ragu, kamar yadda ruwa ke yin guguwa a bayan dutsen da ke tsakiyar kogi. Wannan raguwar matsi tana jan abin baya, kuma ga abubuwa masu daƙwalen baya ita ce babban kaso na turjiyar da suke fuskanta. Sandar tana zaune a tsakiyar wannan gurbi, ta cike wurin da iska za ta murɗa. Bugu da ƙari, sau da yawa sai an faɗaɗa ko an yanke bayan samfurin domin sandar ta samu shiga, ta yadda siffar da ake gwadawa ta saɓa wa siffar jirgin da za a ƙera.

Wani tsohon saɓani ya nuna yadda ƙaramin abu ke iya sauya wannan gurbi. A 1912 Gustave Eiffel, wanda ya gina hasumiyar Paris kuma ya koma binciken iska a ƙarshen rayuwarsa, ya fitar da sakamakon turjiyar dunƙulallen ƙwallo, sai aka ga bai kai rabin abin da aka samu a Göttingen ta Jamus ba. Aka yi zaton kuskuren lissafi ne. A 1914 Ludwig Prandtl ya warware batun: dukansu sun yi daidai, yanayin iskar da ke manne da jikin ƙwallon ne ya bambanta. Domin ya tabbatar da haka, aka naɗa siririyar waya a jikin ƙwallon, sai turjiyar ta faɗi ƙwarai, domin wayar ta hargitsa iskar da ke bin jiki ta yadda ta daɗe ba ta rabu da shi ba, gurbin baya ya tsuke. Idan siririyar waya za ta yi wannan aiki, ba a bukatar dogon bayani game da abin da sandar ƙarfe mai kauri za ta iya yi.

Injiniyoyi ba su jahilci wannan ba. Suna gwada samfuri ɗaya da riƙo iri biyu ko uku, su kwatanta, su cire abin da suke ganin na sandar ne. Aikin yana ci, shi ya sa jirage ke tashi lafiya, amma gyara ne da ke tsaye a kan ƙiyasi. A harkar jiragen fasinja kuwa ana lissafa turjiya da ma'auni mai ƙanƙanta ƙwarai, kashi 1 cikin 10,000, kuma jirgi na zamani yana da ɗari biyu da 'yan kai zuwa ɗari uku na wannan ma'auni a lokacin da ya daidaita a sama. Kuskuren 'yan ƙalilan daga ciki yana zama man fetur da kamfani zai riƙa ƙonawa kullum har tsawon shekarun da jirgin zai yi yana aiki, ko ya zama alkawarin nisan tafiya da maƙerin jirgin ya ɗauka ya kasa cikawa.

Hukuncin Earnshaw

Tunanin a jefar da sandar a riƙe samfurin da maganaɗisu yana da cikas tun daga tushe. Duk yaron da ya taɓa wasa da mayen ƙarfe biyu ya san shi: idan aka yi ƙoƙarin tsayar da ɗaya a saman ɗayan, ko dai ya zame gefe, ko ya juya ya manne. A 1842 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Samuel Earnshaw, ya tabbatar da cewa wannan ba rashin iyawa ba ne. Babu wani tsari na maganaɗisu marasa motsi da zai riƙe wani maganaɗisu a sarari cikin natsuwa ta kowace fuska. Idan an tsare shi daga sama da ƙasa, zai samu mafita ta gefe.

Hukuncin ya shafi maganaɗisun da ƙarfinsu ba ya canzawa ne kawai, kuma ta nan aka samu ƙofa. Mutumin da ya tsayar da sanda a tafin hannunsa bai samo mata wurin zama ba, kullum tana kan faɗuwa. Idonsa ne ke ganin ta karkata, hannunsa ya bi ta kafin ta yi nisa, haka kuma ake ta yi ba tsayawa. Na'urar rataye samfuri da maganaɗisu haka take aiki. A cikin samfurin ana saka ƙarfe ko maganaɗisu mai ƙarfi. Na'urorin gani suna bin inda yake, kwamfuta tana kwatanta wurin da yake da wurin da ake so ya kasance, sannan ta ƙara ko ta rage wutar da ke bi ta kowane naɗin waya. Ana maimaita wannan sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Abin da ido ke gani a matsayin tsayuwa cak, faɗuwa ce da ake tarewa tun ba ta kai kaurin gashi ba.

Masu bincike na hukumar ONERA ta Faransa, Tournier da Laurenceau, su ne suka fara bayar da rahoton yin haka a bututun iska, a 1957. A lokacin babu kwamfutar da za ta yi wannan aiki, don haka da hasken fitila da inuwar samfurin da da'irorin lantarki aka yi: idan samfurin ya motsa, inuwarsa a kan ma'aunin haske ta canza, wutar ta bi. Cikin shekarun 1960 aka gina irin na'urar a wurare da dama, ciki har da MIT a Amurka, inda Eugene Covert ya jagoranci aikin, da Jami'ar Southampton a Ingila, inda Michael Goodyer ya yi fice a kai.

Abu mai yawo a sarari yana iya motsi ta hanya shida: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sannan ɗaga hanci, kaɗa hanci gefe, da mirginawa. Biyar daga ciki suna da sauƙin kamawa. Mirginawa ce ke ba da wahala, domin sandar maganaɗisu da aka shimfiɗa daga hanci zuwa wutsiya, ko ta mirgina sau goma, fuska ɗaya take nuna wa naɗe-naɗen wayar, babu abin da za su kama su juya. Sai an ƙara wasu ƙananan maganaɗisu a gefe ko a cikin fikafikan kafin a mallaki wannan motsi na shida.

Wuta ta zama sikeli

Da aka cire sandar, an cire ma'aunin da ke bakinta. Abin sha'awa shi ne ba a bukatar wani a madadinsa. Idan iska ta tura samfurin baya da wani ƙarfi, samfurin kuma bai motsa ba, to maganaɗisu yana tura shi gaba da ƙarfi daidai da wancan. Ƙarfin maganaɗisun kuwa ya danganta ne da yawan wutar da ke bi ta wayar. Don haka wanda ya karanta yawan wutar ya karanta turjiyar iskar.

Kafin a amince da wannan karatu sai an daidaita shi, kuma hanyar tana da sauƙi har ta ba da dariya idan aka dubi tsadar na'urar. A kashe iskar, a rataye samfurin, a ɗaura masa zare a bi da shi ta kan ƙaramar gargare, a rataya masa nauyin da aka sani, a rubuta yawan wutar da na'urar ta ƙara domin ta riƙe shi. A ƙara nauyi a sake rubutawa. Daga nan an samu jadawalin da ke fassara wuta zuwa ƙarfi.

Akwai riba ta biyu, wadda a wasu fannoni ta fi ta farko. Samfurin da ke bakin sanda a daskare yake, kuma girgiza shi yana bukatar injuna masu nauyi da ke ƙara dagula iskar. Wanda ke rataye da maganaɗisu ana iya umartarsa ya kaɗa hanci, ya yi lilo, ko a sake shi ya yi motsin da iska ta ga dama ta wata fuska alhali ana riƙe da shi ta sauran. Ta haka ake gane ko lilon da ya fara zai mutu da kansa ko zai ƙaru, kuma wannan tambaya ce da rayuka ke rataye a kanta.

Dalilin da ya sa ba ta mamaye duniya ba

Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri ƙwarai idan aka yi nisa da shi. A ƙaramin bututu naɗe-naɗen wayar suna kusa da samfurin. Idan aka faɗaɗa bututun sai su ja baya, wutar da ake bukata ta hau fiye da yadda faɗin ya hau, zafin da wayoyin ke fitarwa kuma ya zama matsala ta daban. Ga shi ƙarfin iskar da ke bugun babban samfuri a gudu mai yawa yana iya kai nauyin tan. Idan wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta yi tuntuɓe, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, sai dai a nan iska ce za ta ɗauki ƙarfe mai tsada ta maka shi cikin bututun. A shekarun 1980 NASA ta sa an yi nazarin gina na'ura mai faɗin ƙafa 8, da wayoyi marasa turjiyar lantarki waɗanda ake sanyaya su da ruwan iskar hiliyom. A kan takarda abin ya yiwu. Kuɗinsa ne ya hana, kuma ba a gina ta ba.

Ƙanƙantar na'urorin ta jawo wata matsalar. Iska ba ta bi ta jikin ƙaramin samfuri yadda take bi ta jikin babban jirgi sai idan wani adadi, wanda ake kira lambar Reynolds, ya zo daidai a wuraren biyu. Wannan lamba tana haɗa girman abin, da gudunsa, da nauyin iskar, da danƙonta. Ƙaramin samfuri yana ba da ƙaramar lamba, sakamakonsa kuma yana iya yaudara, kamar dai yadda ƙwallayen Eiffel da na Göttingen suka saɓa.

A 1971 Goodyer yana aiki a cibiyar Langley ta NASA a jihar Bajiniya, yana neman yadda za a ɗaga wannan lamba a ƙananan bututun da ke da na'urar maganaɗisu. Sai ya kawo shawarar a sanyaya iskar ƙwarai. Iska mai tsananin sanyi tana ƙara nauyi, danƙonta yana raguwa, gudun sauti a cikinta ma yana raguwa, ta yadda lambar Reynolds ke hawa ninki-ninki ba tare da an ƙara girman bututu ko ƙarfin injin ba. Wasu sun taɓa kawo tunanin shekaru da dama kafin nan, amma a wannan karon shi da Robert Kilgore da abokan aikinsu suka gwada shi ta hanyar fesa ruwan naitirojin, ya kuma yi aiki. Daga nan aka gina babban bututun sanyi na Langley da aka buɗe a 1983, sannan na Turai a birnin Kolon na Jamus a shekarun 1990, inda ake gwaji a sanyin da ya kusa digiri 160 ƙasa da sifiri. A irin waɗannan bututu ake gwada fikafikan manyan jiragen fasinja na yau. Dabarar da aka nemo domin ceto na'urar maganaɗisu ta girma ta bar uwarta a baya, kuma samfuran da ke cikin waɗannan manyan bututu har gobe a bakin sanda suke.

Inda babu makawa sai ita

Abin da ya rage wa na'urar shi ne ayyukan da bayan samfuri ke da muhimmanci fiye da gabansa. Mafi tsananin su shi ne saukar kumbo a wata duniya. Kwanson da ke ɗauke da na'urar bincike zuwa duniyar Mars yana da faffaɗar fuska kamar faifai da gajeren baya. Wannan siffa tana kare shi daga zafi kuma tana rage masa gudu, amma idan gudun ya sauko zuwa kusan ninki biyu na sauti da ƙasa da haka, kwanson yakan fara lilo, lilon kuma yana iya ƙaruwa. A daidai wannan lokaci ne ake buɗe laima. Idan kwanson ya karkace da yawa sa'ad da laimar ke fita, aikin shekaru goma yana iya tarwatsewa. Babu kuma mai kawo ɗauki daga nan: lokacin da Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairu 2021, saukar ta ɗauki kusan minti 7, saƙon rediyo kuwa yana bukatar kusan minti 11 kafin ya iso duniya.

Iskar da ke murɗawa a bayan kwanson tana da hannu dumu-dumu a wannan lilo, wato daidai wurin da sanda za ta zauna. Shi ya sa aka daɗe ana harba ƙananan samfura daga bindiga a wani dogon zaure ana ɗaukar hotonsu suna tafe, hanya mai kyau amma mai ba da bayanin ɗan ƙanƙanin lokaci a kowane harbi. Domin samun wata hanyar, masu bincike na Langley tare da Jami'ar Old Dominion, inda Colin Britcher ya daɗe yana wannan fanni, suka farfaɗo da tsohuwar na'urar MIT mai faɗin inci 6, suka sa mata kayan lantarki na zamani, suna rataye ƙananan kwansuna suna kallon yadda lilonsu ke ƙaruwa ko mutuwa.

A Japan kuwa, na'urar hukumar JAXA mai faɗin santimita 60 da ta Tohoku sun koma kan tambayoyin da aka ɗauka an gama da su tuntuni: turjiyar dunƙulallen ƙwallo, da ta guntun bututu mai fuskantar iska, a karon da babu abin da ke tsaye a bayansu. Irin waɗannan siffofi marasa ado su ne ma'aunin da ake gwada gaskiyar lissafin kwamfuta da shi, kuma lissafin da aka daidaita da sakamako mai tabon sanda zai gaji tabon. An kuma rataye kibiyar 'yan wasan harbi, abin da sirantakarsa ta sa duk wani riƙo zai fi shi dagula iska, aka auna yadda siffar tsininta ke sauya turjiyarta.

Ba a ce na'urar ta rabu da nata aibun ba. Bangon bututun yana nan yana matse iska, maganaɗisun da ke cikin samfurin yana ƙayyade irin siffar da za a iya ƙerawa, kuma 'yar rawar da samfurin ke yi tsakanin gyara da gyara ita ma dole a san girmanta. Bambancin shi ne abin da ke riƙe da samfurin ba ya shiga hanyar iska, kuma kowane ɗigon ƙarfin da ya yi amfani da shi a rubuce yake a ma'aunin wuta. Abubuwan da suka hana ta girma a shekarun 1980 ma suna sassautawa: maganaɗisu na niyodimiyom sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, kyamarori da kwamfutoci sun yi sauri sun yi araha, kuma an samu wayoyi marasa turjiya da ba sa bukatar sanyin hiliyom. Na'ura mai faɗin ƙafa 8 dai tana nan a kan takarda. Kafin a gina ta, mai son sanin abin da iska ke yi a bayan kwanson da zai sauka a Mars zai ci gaba da duban samfurin da bai fi tafin hannu ba, yana tsaye a sarari cikin bututu mai faɗin inci 6.